Wa Zai Rubuta Labarin Funtuwa da Malumfashi?

A tsakanin ɗalibai akwai wata mummunar ɗabi'a ta raina ilmin zamantakewa da nazarin al'adun jama'a, wato Soshiyoloji da Antirofoloji. Sai ka ji ana cewa ai kwas ne na wanda ya nemi lauya ko likita bai samu ba. Mu kuwa muna ganin wannan magana rashin sani ce, wanda ya fi dare duhu, kuma ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta ishe mu shaida.

Mu duba Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda aka kafa a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. An kawo takin zamani da ingantaccen iri, an yi hanyoyin karkara, masara kuma ta samu karɓuwa ƙwarai. Amma masana da dama sun soki shirin da cewa manyan manoma ne suka kwashi kaso mafi tsoka. Masanin ƙasa yana iya auna buhun taki nawa eka guda take bukata, amma awonsa ba zai gaya masa wa ke da ikon gandu ba, ko wa ya jinginar da gonarsa, ko wa ya ci bashin hatsi da bazara zai biya da kaka. Waɗannan tambayoyi na mai nazarin jama'a ne, in kuwa ba a yi su ba, to an yi gini a kan toka.

Abin kunya shi ne, baƙi ne suka fi ɗaukar wannan wahala. Murray Last ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi, a 1981 kuma ya buga nazarinsa a kan yadda mutane ke neman magani tsakanin boka da malam da asibiti. Paul Clough ya fara bincike a ƙauyen Marmara tun cikin shekarun 1970, littafinsa bai fito ba sai 2014. A ciki ya nuna cewa attajirin ƙauye ba ya tara dukiya sakaka, domin hidimar iyali da dangi da barori tana ɗaure masa hannu. Ashe abin da muke gani kullum a gidajen iyayenmu ilmi ne da ake karantarwa a jami'o'in Turai! Ba mu ƙi yaba musu ba, sun yi aiki. Amma har yaushe mai ɗaki zai jira baƙo ya nuna masa inda ɗakinsa ke yoyo?

Yanzu bukatar ta wuce ta da. Ta'asar 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Dandume, da sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disamban 2020, ba daga sama suka faɗo ba. Dole a samu masu bin diddigi su gano yadda aka cinye burtali da makiyaya, da yadda sulhun da dagaci da arɗo ke yi ya rasa ƙarfi. Bindiga tana korar ɗan ta'adda, amma ba ta amsa waɗannan tambayoyi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa masu wannan karatu a Zariya da Kano da Katsina da Dutsin-Ma, su daina cika takardun tambayoyi a ɗakin kwana da sunan bincike. Su je kasuwar Dandume, su zauna da 'yan ƙwadago da matan kulle masu sana'a, su saurara da kunnen basira. Hukumomin jami'a su ware kuɗin fita bincike, su kuma yarda a fassara sakamakon da Hausa, don waɗanda aka yi nazari a kansu su ji abin da aka faɗa. Ku kuma ƙananan ma'aikata, kafin ku sa hannu a kan wani shiri na karkara, ku nemi wanda ya san mutanen. Allah ya sa mu gane, amin.