Sefsis: Yaya likitoci ke gane majinyacin da ke gab da halaka?

A watan Yunin 2016 ne shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali ya rasu a wani asibiti da ke jihar Arizona ta Amurka, kuma abin da aka bayyana a matsayin ajalinsa shi ne sefsis, wanda wasu ke kira gubar jini.

Ba attajirai da fitattu ne cutar ta fi kashewa ba. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a watan Janairun 2020 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2017 mutane kusan miliyan 49 ne suka kamu da ita, miliyan 11 kuma suka mutu, wato kusan ɗaya cikin biyar na dukkan mace-macen duniya a wannan shekara. Mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne.

Sefsis dai ba ƙwayar cuta ba ce ita kanta. Yanayi ne da jiki ke shiga idan ya wuce gona da iri wajen yaƙar wata cuta, kamar ciwon huhu ko taifot ko ƙwayar cutar da ta shigi mace bayan haihuwa, har ya koma yana lalata sassan kansa.

Sassa shida, maki 24

Babbar matsalar likita a sashen kulawa ta musamman, wanda jama'a ke yi wa laƙabi da sashen gobe da nisa, ita ce sanin wane ne cikin majinyata jikinsa ke rushewa alhali daga waje ba a gani.

Domin haka ne wasu ƙwararrun Turai ƙarƙashin jagorancin Farfesa Jean-Louis Vincent na Beljiyam suka fito da ma'aunin SOFA a shekarar 1996.

Ana duba abubuwa shida: huhu, da zuciya tare da bugun jini, da hanta, da ƙoda, da ƙwaƙwalwa, sai kuma ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Kowane ɗaya ana ba shi maki daga sifili zuwa huɗu gwargwadon lalacewarsa, jimilla 24. Ana maimaita awon kullum, domin hawa ko saukar makin ya kan fi adadin ranar farko bayyana inda aka dosa.

A watan Fabrairun 2016 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya sake fasalin ma'anar sefsis, inda ya ce duk mai ɗauke da ƙwayar cuta da makinsa ya ƙaru da biyu ko fiye, to ya shiga wannan hali, kuma haɗarin mutuwarsa a asibiti ya haura kashi 10 cikin ɗari. Idan kuma jininsa ya faɗi har sai an tallafe shi da magani, sinadarin lactate kuma ya hau a jininsa, haɗarin ya kan wuce kashi 40.

Ina za a yi gwajin?

To sai dai kuma wannan lissafi yana buƙatar ɗakin gwaje-gwaje mai aiki dare da rana, abin da asibitocin karkara da dama a Najeriya da Nijar ba su da shi.

Kwamitin na 2016 ya ba da wani gajeren ma'auni, qSOFA, da ba ya buƙatar gwajin jini: numfashi sau 22 ko fiye a minti ɗaya, awon jini na sama 100 ko ƙasa da haka, da rikicewar hankali. Samun biyu daga cikin ukun alama ce ta haɗari.

Amma a shekarar 2021 ƙa'idojin jinyar sefsis na duniya suka shawarci likitoci da kada su dogara da shi kaɗai wajen tantancewa, saboda yana barin majinyata da yawa su kuɓuce har sai abu ya yi nisa. A nan ne gizo ke saƙar: ma'aunin da ya fi inganci ya fi ƙarfin talaka, wanda ke da sauƙi kuma bai isa ba.

Akwai kuma darasin da Afirka ta riga ta koyar. A shekarar 2011 wani gwaji da aka yi kan yara fiye da dubu uku masu zazzaɓi mai tsanani a Kenya da Uganda da Tanzaniya ya nuna cewa ɗura ruwa da yawa cikin gaggawa, wanda aka saba yi a Turai, ƙara yawan mace-mace ya yi. An ga makamancin haka ga manya a birnin Lusaka na Zambiya a binciken da aka wallafa a 2017.

A watan Oktoban 2025 aka wallafa sabon salo mai suna SOFA-2, karon farko da aka yi wa ma'aunin garambawul cikin kusan shekaru 30. Ya riƙe sassa shidan nan, amma ya yi la'akari da na'urorin zamani, ya kuma amince a yi amfani da ɗan makamin da ake maƙalawa a yatsa wajen auna iskar oksijin inda babu halin ɗibar jini.