WA YA ZAƁA MANA SATUMBA?

Jama'a, ina da ƙorafi, kuma ba zan ɓoye shi cikin zani ba. Dogon hutun nan da ya wuce a ƙauyenmu na yi shi, can ƙasar Tudun Wadan Ɗankadai, abin da na gani kuwa a makon komawa makaranta shi ya hana ni rubuta muku waƙar da na yi alkawari.

Ƙanwata ta sami shiga sakandaren kwana. Murna har da guɗa. Bayan kwana biyu sai ga takarda: kayan makaranta kala biyu, sandal, katifa, bokiti, tsintsiya, littattafan rubutu dozin guda, ban da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari waɗanda ba a rubuta ba amma kowa ya san tilas ne. Na karanta wa Baba, ya yi shiru, ya dubi rumbu. Rumbun nan kuwa tun watan Agusta ɓera ma ya daina kwana a ciki. Masara na gona ba ta bushe ba, shinkafa ta fara nuna ke nan. Daɗa sai ya tafi wurin wani mai sayen hatsi ya karɓo kuɗi, a kan zai biya da buhunan masara da kaka, bisa farashin da mai kuɗin ya yanka. Na ce, "Baba, ai an kwashe mana gonar tun ba mu girbe ba." Ya ce, "To, ɗan boko, kawo naka."

Ban da amsa, shi ya sa na kawo muku maganar.

Duk wanda ya bi hanya daga Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, ya ratsa Tudun Wada, ya keta dajin Falgore har Doguwa da Riruwai, ya san arzikin mutanen nan a gona yake, kuma sau ɗaya yake zuwa a shekara. Mutanen Bebeji na kusa da madatsar ruwan Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, su ne ma ke ɗan taɓa noman rani. Saura kuwa sai kaka. To, wane mai hikima ne ya dubi wata goma sha biyu na Allah, ya tsallake duk watannin da manomi ke da kuɗi a aljihu, ya ɗora buɗe sabuwar shekarar karatu a kan watan da ya fi kowane talauci?

Kada wani ya ce mini haka muka tarar. Ku tambayi malamanmu masu furfura. A dā shekarar makaranta a Nijeriya daga Janairu take farawa ta ƙare a Disamba, watau yaro na shiga sabon aji uban ya riga ya kai gyaɗa ko auduga kan sikeli. A 1973 aka juya ta zuwa Satumba, irin ta Ingila. Su can suna da dalili, lokacin zafinsu ne suke hutu. Mu fa? Ga Kenya nan, ita ma Ingilishi suka mulke ta, amma a Janairu take buɗe makarantunta, sama kuwa ba ta faɗo ba.

Ba kuɗi kaɗai ne matsalar ba. Je ka firamaren ƙauye a watan Oktoba ka ƙirga kawuna. Wannan yana fadama yana korar jan-baki daga shinkafa tun asuba, wancan yana karyar masara, 'yan mata suna roron wake. Malam ya kira suna, aji ya amsa masa da "yana gona". Sai Nuwamba su dawo an yi nisa da darasi, a zane su a kan rashin zuwa, a ƙarshen zango a ce ƙwaƙwalwarsu ce ba ta ja. Daga nan sai mu zauna a zauren taro na jami'a, da fanka a kanmu, muna cewa baƙauye ba ya son ilmi. Uban da ya jinginar da amfanin gonarsa don 'yarsa ta tafi makaranta, shi ne ba ya son ilmi?

Na san za a ce ai ilmi kyauta ne. An faɗa a 1976 da aka buɗe shirin UPE, Gwamnatin Kano ta sake faɗa a 2019 har ta ƙara da cewa dole ne, a Yunin 2024 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a jihar. Madalla. Amma kyautar ba ta kai kan katifa da sandal ba, kuma ba ta kore tsuntsu daga gonar kowa.

Wani abokina ɗan sashen Tarihi ya tare ni da cewa jarrabawar WAEC ta haɗa mu da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, jiha ɗaya ba ta iya ɗaga ta. Gaskiya ne, na sallama. Amma tsara zangon karatu a hannun jiha yake. A 2025 Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi sun daidaita hutunsu ya faɗa cikin watan azumi, saboda sun dubi halin jama'arsu. Ashe ana iyawa. To, a dubi kaka ma. A yanke mako biyu daga dogon hutu a mayar da su tsakiyar girbi a ƙananan hukumomin noma. A kuma hana korar yaro saboda kayan makaranta ko sandal har sai Disamba, lokacin da kasuwar shinkafa ta Tudun Wada ta cika.

Mu kuma 'yan Ƙungiyar Hausa, da yawanmu 'ya'yan manoman nan ne, ko da yake wasu sun fara mantawa da zarar sun sa takalmi sau-ciki. Muna da alƙalami, muna da filin rediyo in mun nema. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan batu cikin muhawarar zangon nan, a gayyato malaman Sashen Ilmi su kare Satumba in suna iyawa. Ni zan zo da takardar kayan ƙanwata, da lissafin buhunan da Baba zai auna wa mai kuɗin nan idan an yi sussuka.