Tsofaffin Garuruwanmu Na Zubewa: Ina Ɗaliban Hausa?

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, gani ya kori ji. Haka kuma suna cewa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Waɗannan karin magana guda biyu su ne ginshiƙin wannan ɗan rubutu nawa, domin ina so in jawo hankalin 'yan uwana ɗaliban Hausa ga wani aiki da nake ganin namu ne, amma mun bar shi ba mai yi. Aikin kuwa shi ne zagaya tsofaffin garuruwanmu, mu ɗauki hotunan wuraren tarihi, mu kuma rubuta sunayensu da labarinsu daga bakin dattawan da suka san su. A yau kusan kowane ɗalibi na da wayar da ke ɗaukar hoto a aljihunsa. Sai dai in ka buɗe wayar, hotunan biki da na ranar kammala jarrabawa za ka tarar. Da wuya ka ga zauren wani tsohon gida ko ragowar ganuwa.

Ni mutumin Panda ne, cikin ƙaramar hukumar Karu ta Jihar Nasarawa, kuma Hausa ba ita na fara ji a bakin mahaifiyata ba. A kasuwa da makaranta na koye ta, kafin na zo na zaɓe ta a jami'a. Saboda haka zan fara misalina da garin da ke kusa da mu, wato Keffi.

Keffi da Abin da Ke Cikinta

Mutane da yawa sun san Keffi ne a matsayin zango a kan hanyar Abuja zuwa Akwanga, ko kuma garin da Jami'ar Jihar Nasarawa take. Alhali kuwa gari ne mai tarihi sama da shekara 200. A wajajen 1800 Abdu Zanga, wani Bafulatani da ya fito daga ƙasar Katsina, ya kafa shi, kuma garin ya kasance ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Ana danganta sunan garin da kalmar kafi, wato shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi saboda tsaro. Ka ga ke nan tun daga sunan garin ɗalibin harshe ya sami abin nazari. Baturen Jamus mai yawon buɗe ido, Gerhard Rohlfs, ya bi ta Keffi a 1867 a kan hanyarsa daga Tarabulus zuwa Ikko, kuma ya ambace ta a rubutunsa da sunan wanda ya kafa ta.

Babban abin da ya sa sunan Keffi ya shiga littattafan tarihin Nijeriya shi ne abin da ya faru a watan Oktoba na 1902. A lokacin ne Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau a garin, ya kashe Kyaftin Maloni, Razdan ɗin da Turawan Ingila suka turo. Magaji ya yi hijira zuwa Kano, Sarkin Kano Alu ya karɓe shi da girmamawa. Wannan karɓa tana cikin dalilan da Lugga ya kafa hujja da su ya tura sojoji, suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Shi kuwa Magaji ya bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda aka yi yaƙin ƙarshe a watan Yuli na wannan shekara, kuma a can ya rasu. Har yau akwai dutse a Keffi da ake kira da sunan Maloni, inda kabarinsa yake.

To, tambayata ita ce: cikinmu mutum nawa ne suka taɓa hawa wannan dutse? Mutum nawa ne suka taɓa zama da wani dattijo a ƙofar fada suka tambaye shi yadda kakanninsa suka ba shi wannan labari? Abin da muke karantawa a aji yawancinsa daga rahoton Turawa ya samo asali. Ruwayar mutanen gari tana nan a ƙirjin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Ginin Ƙasa Ba Ya Jira

Dalilin da ya sa nake cewa a hanzarta shi ne irin kayan da kakanninmu suka yi gini da su. Tubali da azara da makuba kaya ne masu kyau, masu sanyi da rani, amma sai da yaɓe duk shekara. Da zarar an daina yaɓe, damina biyu ko uku sun isa su cinye katanga. Ga kuma masu haƙar ƙasa, da masu yanka filaye, da aikin faɗaɗa hanya.

Dubi Kano. Bisa ga tarihin Kano, Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar birnin a ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. An saka ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a 2007, amma duk da haka an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 saboda aikin hanya. Wanda bai ganta ba kafin wannan shekara, sai dai ya ga hotonta. Dubi kuma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen 1830. An lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da ginin zamani, kuma in mutum na son ganin kamanninsa na asali sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka kwaikwayi ginin. Hakan ya yiwu ne saboda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya yi shekaru yana auna gine-ginenmu yana ɗaukar hotunansu. In har Kano da Zariya, masu gidajen tarihi da manyan jami'o'i, sun yi irin wannan asara, ina ga ƙananan garuruwa irin su Keffi da Nasarawa da Loko, balle Panda?

Darasi Daga Ƙasar Ayilan

Akwai wata ƙaramar ƙasa a yammacin Ingila, wato Ayilan, wadda ita ma ta sha mulkin Ingilishi, harshenta na asali kuma ya ja baya ƙwarai a gaban Turanci. Birnin Waterford, wanda ake ɗauka shi ne mafi tsufa a ƙasar, an kafa shi a shekarar 914, kuma har yanzu hasumiyarsa da sassan ganuwarsa na tsaye, baƙi na zuwa suna ɗaukar hoto. Wani zai ce ai ginin dutse ne, dole ya daɗe. Gaskiya ne. Amma abin da ya fi ba ni sha'awa game da ƙasar shi ne yadda suka adana abin da ba dutse ba. A babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Dublin akwai tarin hotuna kimanin 40,000 da ake kira da sunan Lawrence, waɗanda aka ɗauka a garuruwa da ƙauyukan ƙasar daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20. Ban da wannan, a 1935 gwamnatinsu ta kafa hukumar tattara adabin baka, sannan daga 1937 aka sa yaran firamare kimanin 50,000 suka koma gida suka tambayi iyaye da kakanni tatsuniyoyi, da sunayen wurare, da magungunan gargajiya, da labarin tsofaffin gine-gine, suka rubuta a littattafansu. Yanzu duk wanda ke da intanet zai iya karanta rubutun waɗannan yara.

Idan yaran firamare sun iya wannan, mu da muke jami'a muna nazarin harshe da adabi da al'ada, wane uzuri gare mu? Wani abin lura ma, littafin tatsuniyoyin Hausa na Frank Edgar mai juzu'i uku, a birnin Belfast na wannan tsibiri aka buga shi tsakanin 1911 da 1913. Malaman Hausa ne suka rubuta masa yawancin abin da ke ciki da ajami. Shekara ɗari da wani abu ke nan muna ɗibar ruwa daga wannan rijiya, ya kamata mu ma mu gina tamu.

Me Ya Haɗa Ɗalibin Harshe da Hoto?

Na san wasu za su ce wannan aikin 'yan sashen tarihi ne, ko na Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ban yarda da shi ba. Hoto kurma ne, ba ya magana sai an yi masa tafinta. Masanin gini zai auna tsayin katanga, masanin tarihi zai nemo shekarar da aka yi ta, amma wa zai tambayi magini sunan kowane sashe? Zanko, da indararo, da dakali, da shigifa, da bakan gizo, da ɗaurin guga, da tagar soro, duk kalmomi ne da ke tafiya tare da ginin. Ranar da zaure na ƙarshe ya faɗi a unguwa, yaran unguwar sun yi ban kwana da kalmomin da ke jikinsa. Ni da na koyi Hausa daga baya na san wannan sarai: na daɗe ina ganin kalmar azara a ƙamus ɗin Bargery na 1934, amma ba ta zauna mini ba sai da na ɗaga kai na ga yadda aka jera gumagumai na giginya a rufin wani zaure. Ɗalibai masu koyon Hausa a Jos da Ibadan da Alƙahira da Jamus su ma haka suke bukatar gani.

Akwai kuma sunayen unguwanni da ƙofofi. Kowane suna labari ne a dunƙule. Ƙofar Mata a Kano, Gobarau a Katsina, Kusugu a Daura, duk an yi rubutu a kansu. Amma wa ya tattara sunayen unguwannin Keffi ya bi asalinsu ɗaya bayan ɗaya? Ga batun kundin digiri a ƙofar gida, mu kuwa muna ta maimaita nazarin jigo da salo a littattafan da an riga an yi musu nazari sau goma.

Wasu kuma za su ce tono tarihi tono rigima ne. Wannan magana tana da nauyi, musamman a yankinmu. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a ƙarni na 19 ana kai hare-haren neman bayi daga garuruwan sarauta zuwa ƙauyukan ƙabilun da ke kewaye, kuma mutanen da ake kira Yeskwa, da Gwandara, da Koro, da Gbagyi, da Mada, kowa na da nasa labarin wancan zamani. Ganuwar da wani ke kallo da alfahari, wani yana kallon ta yana tuna kakansa. To amma rufe ciwo ba ya warkar da shi. Shawarata ita ce a ɗauki hoton fada, a kuma ɗauki hoton tsohon kufai da ke kan tudu inda mutane suka fake. A rubuta abin da dattijon Keffi ya faɗa, a rubuta abin da dattijon Panda ya faɗa, kowanne da sunan garinsa, ba tare da ɗalibi ya mai da kansa alƙali ba. Hausa ce harshen da dukkan waɗannan al'ummu suke haɗuwa a kansa a kasuwa, don haka ita ta fi dacewa ta ɗauki labarinsu gaba ɗaya.

Yadda Za a Yi

Aikin ba ya bukatar kuɗi mai yawa, amma yana bukatar ladabi da tsari. Da farko a nemi izini. A yi sallama ga mai unguwa ko wakilin fada, a faɗi ko wane ne kai da abin da ya kawo ka. Kada a ɗaga waya a cikin gidan mutane, ko a maƙabarta, ko wurin ibada, sai an ce bismilla. A guji ofisoshin jami'an tsaro. Na biyu, a fita da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da hasken rana ke fito da zanen da ke jikin bango, domin da tsakar rana hoton yakan fito fari fat. Na uku, kowane hoto a rubuta masa kwanan wata, da sunan wurin yadda mutanen gari ke furta shi, da wanda ya ba da bayani in ya yarda a ambace shi. A rubuta da daidaitacciyar Hausa, amma kada a gyara karin harshen mai magana, domin shi ma abin nazari ne. In wurin yana da suna a wani harshe, a rubuta shi gefe da gefe. Na huɗu, kada a bar hotunan a waya kawai. Waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. A kai kwafi sashe.

A nan nake roƙon malamanmu da shugabannin ƙungiyar ɗaliban Hausa da su ware kwamfuta ɗaya da kabad ɗaya saboda wannan aiki, su kuma sa ziyarar gani da ido ta zama cikin aikin kowane zangon karatu. Ita ma wannan mujalla za ta iya ware shafi guda a kowace fitowa, a buga hoto ɗaya da bayaninsa. Idan ɗalibai hamsin suka tafi hutu, kowa ya dawo da hotuna goma masu bayani, an sami ɗari biyar ke nan a hutu ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Kammalawa

'Yan uwana ɗalibai, birnin Agadas da ke Jamhuriyar Nijar ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, kuma da ƙasa aka gina shi kamar namu. Mutanensa ba su daina yaɓe hasumiyar masallacinsu ba, shi ya sa take tsaye. Mu ɗalibai ba mu da ikon hana kowace katanga faɗuwa, amma muna da ikon hana sunanta da siffarta ɓacewa. Hutu na tafe. Kowa ya duba garinsu, ya nemi dattijo mafi tsufa a unguwa, ya gaishe shi da ladabi, ya tambaye shi tun yana da ƙarfin amsawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya kuma bar zumunci tsakaninmu, amin.