Gidan Haya: A Sayar Ko A Riƙe?

Akwai muhawarar da ba ta ƙarewa a gidajenmu, daga Yamai har Damagaram. Mutum yana da gida na biyu da ya zuba ƴan haya, ga kuma dillali yana ta sintiri da tayi mai tsoka. Uwargida ta ce a riƙe, ƙane ya ce a sayar a ja jari. Kowa da hujjarsa, amma da wuya ka ga wanda ya ɗauki alƙalami.

To, bari mu ɗauka. A ƙaddara gidan zai yi kuɗi miliyan 15 na sefa, hayarsa kuma jika 60 a wata. A baki, jika 720 ke nan a shekara. Amma a cire wata 2 da gidan zai zauna babu kowa, ko ɗan haya ya gudu da bashi. A cire jika 100 na gyaran kwano, fenti da yashe masai, sannan jika 50 na lanho da la'adar mai karɓo haya. Abin da ya rage jika 450 ne, wato kashi 3 cikin 100 na darajar gidan. Sai an haura shekara 33 kafin haya ta mayar da kuɗinsa.

Mai son sayarwa zai ce ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, domin haya rabin amfanin gida ce kawai. Ɗaya rabin yana cikin ƙasar da aka gina shi a kai. Dattawanmu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya. Wanda ya kwana da miliyoyi a akwati ya wayi gari rabin ƙarfinsu a kan kayan waje ya tafi. Wanda ya kwana da gida, gidansa na nan, kuma tsadar siminti da ƙarfe da ta biyo baya sai ƙara masa kima ta yi.

Saboda haka, a ganina, kafin a tambayi nawa za a saya, a fara tambayar inda kuɗin za su kwana. Kuɗin gida suna da dangi da yawa. Ranar da suka shigo hannu, ranar ce ake tuna auren da aka ɗage, da motar da ta tsufa, da ɗan uwan da ke neman rance. In kuwa kasuwa za a zuba su, ƴan kasuwar Maraɗi sun ga yadda Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka yi ta lalacewa a kan hanya. Mai sana'ar da ya ƙware a cikinta yana iya jure irin wannan. Ma'aikacin da ya yi ritaya, bai taɓa sayar da ko ashana ba, gara ya riƙe gidansa.

Duk da haka akwai gidan da riƙe shi asara ce. Wanda ke kan hanyar ruwa, kamar unguwannin bakin kogi da ambaliyar 2020 ta cinye a Yamai, kowace damina cin jarinsa take yi. Haka wanda bashi ya yi wa mai shi katutu.

Sai gidan gado, wanda ya fi kowanne raba zumunta. Jika 450 in aka raba wa magada 12, abin da kowa zai samu bai taka kara ya karya ba, ga zargin da ke bin wanda ke karɓar hayar, ga gyaran da kowa ke jiran wani ya yi. Marayu da gwauraye su ne ke shan wahalar wannan jira. A nan ya fi kyau a yi wa gidan kima, mai hali daga cikin magada ya sayi rabon sauran. Shari'a ma ta ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a: muddin ba a raba gidan ba, in ɗaya ya sayar wa bare da kasonsa, sauran suna da ikon karɓe shi a kan farashin da aka saya.

Game da zakka, malamanmu na Malikiyya sun bayyana cewa ba a fitar da ita a kan ginin da aka ajiye don haya, sai a kan kuɗin hayar in sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo musu. Da zarar an sayar, kuɗin sun zama tsaba. In suka shekara a hannu, kashi 2.5 cikin 100 ya wajaba.

Wanda ya yanke shawarar sayarwa, ya gyara takardun mallaka tun kafin ya kira dillali, don gida marar takarda a wulaƙance ake taya shi. Ya kuma sanar da ɗan haya da wuri. In an yanka masa wa'adi kuma ya biya, ciniki ba ya rusa hayarsa. Sabon mai gida zai jira har kwanakinsa su cika.