Farcen Aro: Abin da Masu Ilimi Suka Raina a Hannun Makaɗi

Idan aka tambayi mai digiri a Jega ko Maiyama abin da ya sani game da Ɗan Maraya Jos, zai kawo waƙoƙinsa da hikimar da ke cikinsu. Wataƙila ya ƙara da cewa kuntiginsa gwangwani ne da aka rufe da fata, mai tsirkiya ɗaya. Amma a tambaye shi da me ake kaɗa tsirkiyar, sai ya yi shiru, ko ya yi dariya. Dariyar nan ita ce matsalar, domin rabin muryar kayan kiɗa mai tsirkiya tana cikin ɗan abin da makaɗi ke riƙewa tsakanin yatsu biyu. A kira shi farcen aro.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tsirkiya ba ta fitar da sauti ɗaya. Tana fitar da babban amo tare da ƙananan amo masu kaifi a bisansa. Abin da ya ja ta ya sake shi ke yanke yawan kaifin da kunne zai ji. Tsokar yatsa tana sakin tsirkiya a hankali, sai amo ya fito da taushi. Busasshiyar fata mai tauri, irin wadda masu garaya ke kaɗawa da ita, tana lanƙwasawa kaɗan kafin ta saki, sai ta ba da amo mai kauri. Ƙarfe kuwa ba ya lanƙwasawa: yana saki nan take, amo ya fito tas, kuma duk motsin hannu, na gwaninta da na kuskure, ya bayyana. Kauri, siffar baki da santsin gefe duk suna canja sakamako. Shi ya sa masu jita ke auna nasu da milimita, suna bambanta 0.5 da 1.0.

A ƙasashen da ake ɗaukar kiɗa da muhimmanci, wannan ba abin raini ba ne. Brian May, mai jitar ƙungiyar Queen ta Ingila, wanda kuma ke da digirin dakta a kimiyyar taurari, ya shafe shekaru yana kaɗa jitarsa da sisi, ɗan'uwan kuɗin nan da dattawan Jega suka kashe kafin zuwan naira a 1973. Ya zaɓe shi ne saboda taurinsa da zane-zanen gefensa, waɗanda ke goga tsirkiya su ba ta wani ƙaiƙayi. A can ana rubuta wannan, ana nazarinsa, maƙera kuma suna ƙera irinsa da tagulla ko azurfa su sayar da tsada. A nan kuwa, mai garaya zai mutu da sanin irin fatar da ta dace da hannunsa, ba wanda ya tambaye shi.

Laifin na masu boko ne. Shekara da shekaru ana rubuta kundaye a kan jigo da salon waƙoƙin baka, kamar waƙar ba ta da jiki sai baki. An mai da makaɗi marubucin da bai iya rubutu ba, an watsar da sana'ar hannunsa. Ƙarƙashin wannan akwai tsohon raini: kiɗa roƙo ne, ƙira da dukanci aikin gado ne na waɗanda ba su yi makaranta ba. Mutumin da zai biya dubbai don lasifikar waje shi ne zai tsaya yana taya aikin maƙeri kamar yana sayen albasa.

Za a ce zamani ya wuce nan, kwamfuta da fiyano suna kwaikwayon kowane amo a situdiyo. Suna kwaikwayo, amma abin da aka naɗa kawai suke maimaitawa. Ba su san yadda makaɗi ke karkata farcensa idan mawaƙi ya sassauta murya ba, kuma ranar da babu mai kaɗawa, babu abin naɗa. Za a kuma ce ƙarfe yana cin tsirkiya, kuma bai dace da kowane kiɗa ba. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne hujjar a yi gwaji maimakon zato: wane ƙarfe, wane kauri, a kan wace tsirkiya?

Kayan aikin duk suna kusa. Kasuwar Jega ba ta rasa maƙera da dukawa, kuma tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero. Ɗalibin fiziks ɗaya, da wayar salula mai naɗar sauti, da mai garaya, da maƙerin da zai buga masa farce biyar masu kauri daban-daban, sun isa su samar da abin da babu shi a rubuce. Ɗan Maraya ya rasu a 2015, tambayarsa ta wuce. Masu garaya da molo da suka rage ba yara ba ne, kuma abin da ke tsakanin yatsunsu ba zai jira a gama raina shi ba.