Cika Leda da Magani Ba Shi Ne Gwanintar Likita Ba

Mutanenmu da yawa suna auna likita ne da tsawon abin da ya rubuta. A kwantar da dattijo, likita ya ba shi ƙwaya kala biyu, sai ka ji 'ya'ya na gunaguni: "Ko allura bai yi wa Baba ba, balle ƙarin ruwa." Wanda ya cika takarda kuwa, shi ne gwani. Wannan tunani kuskure ne, kuma iyayenmu ke ɗanɗana kuɗarsa.

Jikin ɗan shekara 75 ba irin na ɗan 30 ba ne. Ƙoda da hanta sun rage ƙarfi, don haka magani yakan daɗe a jini. Diclofenac da ake ba tsoho saboda ciwon gwiwa yana iya huda masa ciki ko ya taɓa ƙoda. Valium na kawo jiri da ruɗewa. Daonil kan sauke suga har mutum ya suma.

Mafi muni shi ne a bi illar wani magani da wani maganin. Amlodipine na hawan jini yakan kumbura ƙafa. Maimakon a sake duba shi, sai a ƙara Lasix mai sa yawan fitsari. Inna ta kwana tana zaryar banɗaki, jiri ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Dangi su ce, "Jikin tsufa ne." Ba tsufa ba ne, magani ne.

Likitoci ba za su ce ba su sani ba. Tun 1991 wani likitan Amurka, Mark Beers, ya fitar da jerin magungunan da ya kamata a kauce wa ba tsofaffi. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar magani da rabi cikin shekara 5. Cunkoson marasa lafiya ba hujja ba ce ta rubutu ido rufe, haka ma matsin dangi.

Ba cewa nake a watsar da magani ba. Mai hawan jini da mai ciwon suga suna buƙatar nasu, kuma kada kowa ya tsayar da shi da kansa.

Masu jinya, ku tattara duk abin da tsohonku ke sha, har na kemis da na gargajiya, ku ajiye a gaban likita, ku tambayi amfanin kowanne. In ya soke wasu, ku gode masa, domin ya san aikinsa.