Daga Bakin Allo: Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A wannan karo za mu ajiye zancen jarrabawa da kuɗin makaranta, mu yi magana a kan wata baƙuwa da ta kusa mutuwa a hannunmu, wato kififiya, wadda wasu ke kira kunkurun ruwa. Kada wani ya ce malam ya rasa abin faɗi. Duk damina yaranmu suna kamo wannan dabba a tafki ko kududdufi su kawo gida, a manyan birane kuma masu sayar da kifin ado suna sayar da 'ya'yanta. Iyaye da dama ba su san yadda ake kula da ruwanta ba, alhali kuwa ranta yana cikin ruwan nan, lafiyar yaran da ke wasa da ita ma tana cikinsa.

A daminar bara ne 'yan ajinmu suka zo da wata 'yar kififiya a cikin gwangwani, bayanta bai fi tafin hannun yaro ba. Irin wadda ta yawaita a ƙasashenmu ce, mai lanƙwasa wuya gefe guda ta ɓoye kanta a bakin ƙoƙon bayanta, wadda ke binne kanta cikin laka idan rani ya yi har ruwa ya dawo. Muka ce to, ga darasin kimiyya ya kawo kansa har aji. Muka samo wani tsohon akwatin gilashi mai cin kamar lita 40, muka sa ta ciki. Ran Juma'a kafin a tashi sai mu zubar da ruwan kaf, yara su wanke gilashin da omo da soso har ya riƙa walƙiya, mu cika shi da sabon ruwan famfo. A ganinmu ba wanda ya kai mu tsabta.

Ba a yi wata guda ba sai idanunta suka kumbura, ta daina cin abinci, wani farin tabo mai taushi ya fito a bayanta. Ruwa kuwa ga shi garau. Muka roƙi wani malamin dabbobi ya zo ya duba. Ya sunkuya ya shinshina ruwan, ya tambayi yadda muke yi, sa'an nan ya ce, "Malam, ai ido kawai kuke wanke wa ruwan nan. Gidan kififiya ba kwanon tuwo ba ne." Abin da ya koya mana ran nan, da wanda muka bincika daga baya, shi ne za mu bai wa masu karatu.

Kififiya ta fi kifi ɓata ruwa nesa ba kusa ba. Ba ta da haƙora, sai ta kama abinci da baki ta yayyage shi da farata, ɓurɓushi ya watsu ko'ina. Kuma ba ta iya haɗiye abinci sai a cikin ruwa. Wato a ruwa guda take ci, a nan take sha, a nan take ba-haya. Kashinta da ragowar abincin suna ruɓewa su fitar da wani sinadari da ake kira amoniya, shi ne mai warin nan da ke bugun hanci a inda fitsari ya daɗe. Amoniya ba ta da launi. Ruwa yana iya zama fari tas alhali ya cika da ita, tana ƙona idon dabba da fatarta, tana buɗe wa cuta hanya. Dafinta kuwa ƙaruwa yake yi idan ruwa ya ɗumama, ga shi mu a nan zafi ba baƙonmu ba ne.

To, me ya sa ruwan tafki, da duk lakarsa da gansakukarsa, ba ya kashe ta? Dalili shi ne tafki yana da yawan ruwa, kuma yana da ma'aikatan da ido ba ya gani. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke manne a jikin duwatsu da laka da saiwoyi. Kashi na farko suna mai da amoniya ta zama nitirit, wanda shi ma guba ne. Kashi na biyu suna mai da nitirit ya zama nitirat, wanda cutarwarsa kaɗan ce, tsire-tsire ma suna shan sa kamar taki. Waɗannan ƙwayoyi kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu sosai a sabon mazubi, kuma sabulu da kulorin ɗin da ake zuba wa ruwan famfo suna kashe su. Ashe duk Juma'a ma'aikatanmu muke kashewa kafin su kama aiki. Duk wanda ya ɗauko kififiya daga tafki ya ɗauki aikin tafki a kansa ke nan, ga kuma yadda ake yin sa.

Na farko, yawan ruwa. Ƙa'idar da masu kiwon kififiya suka saba bi ita ce kamar lita 15 ga kowane santimita guda na tsawon ƙoƙon bayanta. Mai santimita 10 tana bukatar wajen lita 150 ke nan, wato jarka 7 da rabi mai lita 20. Zurfin ruwan ya kai aƙalla ninki ɗaya da rabi na tsawonta, domin in ta kife ta iya juyowa. Ba dole sai gilashi ba. Babban bahon roba, ko duron roba da aka raba a kwance, muddin bai taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba, ya fi ƙaramin gilashi mai kyan gani. Ƙazantar da za ta lalata lita 40 cikin kwana biyu, a lita 150 tsarma take yi.

Na biyu, abinci. A ɗauke ta a sa a wata roba daban mai ɗan ruwa, a ba ta abincinta a can, ko tana ce ko fara ko ƙananan kifi, a bar ta kamar minti 20. Sau da yawa a nan take yin kashi bayan ta ci. Sai a mai da ita gidanta, a zubar da ruwan robar. Wadda ba ta yarda ta ci a baƙon wuri ba, a ba ta a gidanta, amma a kwashe abin da ta rage nan take. Ƙarama tana ci kullum, babba kuwa bayan kwana biyu ko uku ya ishe ta. Yara suna son su ga tana ci, don haka sai an hana su jefa mata tuwo da burodi da nama mai kitse, waɗanda ba sa yi mata amfani sai ruɓar da ruwa.

Na uku, sauya ruwa kaɗan-kaɗan. Kowane mako a cire kashi ɗaya cikin huɗu, a zuba sabo. A yi amfani da tiyo a zuƙo ƙazantar da ta kwanta a ƙasa, amma kada a ja ruwan da baki. A cika tiyon da ruwa mai tsabta, a toshe bakinsa da yatsa, a sa ɗaya a cikin bahon, ɗaya a bokitin da ke ƙasa, ruwa zai bi da kansa. Ruwan famfo a tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana ya wuni domin kulorin ya fice. Akwai biranen da ke zuba wani irinsa mai suna kuloramin, wanda ba ya fita da ajiya, sai an ɗiga maganin da masu kifin ado ke sayarwa. Sabon ruwan kada ya fi na ciki sanyi ko zafi sosai. Tsakanin digiri 24 da 28 ya yi mata daidai.

A nan akwai kuskure biyu da muka ga ana yi. Lokacin hunturu da bazara ruwa yana raguwa da kansa, sai mutum ya ƙara wani ya ɗauka ya sauya. Ba haka ba ne. Tururi ruwa kaɗai yake ɗauka, ya bar ƙazanta, kamar yadda miya ke ƙara gishiri idan ta daɗe a wuta. Sai an ɗebe tsohon tukuna. Kuskure na biyu shi ne jefa alif. Alif yana kwantar da laka ruwa ya yi haske, amma ba ya taɓa amoniya.

Na huɗu, na'urar tace ruwa. Wanda zai saya ya nemi wadda aka yi domin ruwan da ya ninka nasa sau biyu ko uku, saboda ma'aunin da ke jikin kwalin na kifi ne. Babban aikinta shi ne zama gidan ƙwayoyin nan masu amfani, a cikin soson da ke cikinta. Saboda haka idan soson ya toshe, a matse shi a cikin tsohon ruwan da aka ɗebe, kada a kai shi bakin famfo, kada sabulu ya taɓa shi. Ƙwayoyin suna bukatar iskar da ruwa mai gudu ke kawo musu, don haka idan aka ɗauke wuta na tsawon sa'o'i, a fito da soson a bar shi cikin ruwan bahon, kuma a zubar da ruwan da ya kwana cikin na'urar kafin a sake kunna ta. Wanda ba shi da na'ura sai ya ƙara himma, ya riƙa sauya rabin ruwan bayan kwana biyu ko uku. Ƙananan tsakuwa kuma a bar su, domin suna ɓoye ƙazanta, tana kuma iya haɗiye su. Manyan duwatsu biyu ko uku sun isa.

Na biyar, wurin shan hantsi. Dole a sa mata dutse ko katako da za ta hau ta bushe sarai, domin bayan da ba ya bushewa shi ne ke ruɓewa. Hasken rana yana taimaka mata wajen ƙarfin ƙashi da ƙoƙo, amma wanda ya ratsa gilashin taga ya rasa wannan amfani. A ajiye bahon inda hantsi ke taɓa gefe guda, sauran yana inuwa. Idan ruwa ya yi kore, gansakuka ce, alama ce ta yawan haske da yawan abinci, amma ita kanta ba ta kisa. Wari shi ne abin tsoro, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Mai hali ya sayi kayan gwajin ruwa a wurin masu kifin ado. Amoniya da nitirit su nuna sifiri, nitirat kuma kada ya wuce miligiram 40 a lita.

Yanzu sai batun da ya fi damunmu, wato yara. Kififiya, ko da lafiyarta ƙalau, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonela a cikinta, ta fito a kashinta ta gauraya da ruwa. Cutar tana kawo zawo da amai da zazzaɓi, ga jarirai kuma tana iya yin tsanani. A Amurka, a shekarar 1975, hukuma ta hana sayar da duk kififiyar da bayanta bai kai inci 4 ba, wato kamar santimita 10, domin ƙananan yara suna kai su baki. An ƙiyasta dokar tana kare yara wajen 100,000 daga cutar a kowace shekara. Saboda haka duk wanda ya taɓa ta ko ruwanta ya wanke hannu da sabulu. Yaron da bai kai shekara 5 ba ya tsaya a kallo. Bokitinta da sosonta da tiyonta su zama nata ita kaɗai, kada su je kusa da randa ko madafa. Ruwan da aka ɗebe a ba itatuwa da furanni, amma ban da latas da tumatir da duk abin da ake ci ɗanye.

Masu sha'awar saye kuma su yi tunani. Irin da aka fi sayarwa a duniya, mai jan tabo a bayan ido, asalinta kudancin ƙasar Amurka ne. Ana sayen ta 'yar mitsitsiya, amma macen tana kai wa santimita 30, kuma tana iya wuce shekara 20 a raye. Bayan fim ɗin nan na kunkuru masu faɗa da ya fito a 1990, iyaye a Ingila suka yi ta saya wa yara, da dabbobin suka girma aka rasa yadda za a yi da su sai aka zuba su a tafkuna, har Tarayyar Turai ta hana shigo da irin a 1997. Wanda ke da irin wannan baƙuwa kada ya sake ta a ruwanmu, domin za ta yi gasa da namu na gida.

Tamu dai ta tashi. Malamin dabbobi ya yi mata magani, muka mai da ita rabin duro, yara suka raba aikin ɗebo jarka biyu duk mako, har da lokacin hutu. Cikin 'yan makonni idanunta suka buɗe, ta koma cin tana. Amma da bazara ta yi, ruwan sha ma ya zama abin nema a unguwa, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu da muke wahalar ruwa, ita kuma tana da nata a tafki, don me muka riƙe ta?" Muka rasa amsar da za mu ba ta. Da ruwan sama ya zauna, malamin dabbobi ya sake duba ta ya ce ba ta da ciwo, kuma ba ta taɓa zama da wata ba, sai muka ɗunguma da 'yan aji muka mai da ita inda aka kamo ta.

Iyayen da 'ya'yansu suka kawo irin wannan baƙuwa a daminar bana, su zauna da su su ƙirga jarkunan tun yau. In za a iya, madalla. In ba za a iya ba, a mai da ita tafkinta tun da sauran ƙarfinta. A wata mai zuwa, in rai ya kai mu, za mu duba batun randar ruwan sha a ajujuwa da moɗa guda da yara sittin ke sha da ita.